Fakitin da ya fi ƙarfin kati: me Linux ke yi da shi, kuma me ya sa ba za ka sa MTU 9000 ba

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce kana da kwamfuta mai Linux da ka mayar ruta a unguwar Zariya, nan Maradi, mai kati biyu na Intel: ɗaya yana karɓar intanet daga mai ba ka layi ta PPPoE (hanyar haɗa kwastoma da mai ba da layi a kan wayar Ethernet), ɗayan yana shiga suwic ɗin da ke raba wifi ga shaguna da gidajen maƙwabta. Abubuwa uku suka dame ka. Idan ka buga `ethtool -S`, umarnin da ke nuna ƙidayoyin kati, adadin `rx_long_length_errors`, na abin da ya iso da tsawon da ya wuce iyaka, yana ta hawa. Saƙon WhatsApp yana wucewa lafiya, amma wasu shafuka sai su tsaya cak, kuma tura babban fayil ba ya ƙarewa. Sannan da ka buɗe `tcpdump`, manhajar kallon abin da ke wucewa ta kati, ka ga fakiti, wato ƙunshin bayanai ɗaya, mai bayit dubu ashirin da wani abu, alhali an ce maka iyaka 1500 ce. Wani ya ba ka shawarar ka sa MTU, wato iyakar girman fakitin da kati zai aika, a 9000 ka huta. Ka kuma tambaya: me ya sa kenel, wato zuciyar Linux, ke zubar da fakitin da ya yi girma, maimakon ya karɓa ko ya yanka shi?

Kada ka sa 9000. Abubuwa ukun nan da ka haɗa wuri ɗaya ba ciwo ɗaya ba ne. Na farko yana faruwa a cikin katin kansa, na biyu yana faruwa a kan hanya tsakaninka da saba (kwamfutar da ke riƙe da shafin), na uku kuwa lafiya ce, ba ciwo ba. Zan fi daɗewa a kan na farko, domin a nan amsar tambayarka ta ƙarshe take.

Mu fara da lissafi. A Ethernet, fakiti yana tafiya kan waya ne a cikin ƙunshin da ake kira firem, kuma 1500 nauyin kayan da ke cikin firem ne kawai. A gabansa akwai kai mai bayit 14, wato adireshin mai karɓa, adireshin mai aikowa da nau'in kayan. A bayansa akwai bayit 4 na tantance ko firem ya iso ba tare da ya lalace ba. Jimla 1518. Idan aka manna alamar VLAN, wadda ke raba rezo ɗaya zuwa sassa, bayit 4 ta ƙaru, ya zama 1522, kuma tun 1998 IEEE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin Ethernet, ta amince da wannan ƙarin. Alama biyu a jere, irin wadda masu sayar da layi ke amfani da ita don raba kwastomominsu, ta kai 1526. PPPoE yana cin bayit 8 nasa. To ka ga, yawancin firem ɗin da ake kira "mai girma" da bayit huɗu ko takwas kawai ya zarce. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kenel ba ya tsaye bakin ƙofa yana duba fakiti kafin ya shigo. Kafin komai ya iso, direban kati, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya riga ya ware wurare a memori, kowanne da girmansa, sau da yawa bayit 2048 ko ƙasa da haka, ya jera adireshinsu a zobe, ya miƙa wa katin. Idan firem ya iso, katin da kansa yake rubuta shi kai tsaye cikin memori, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Wannan shi ne DMA. Sai ya gama rubutawa sannan ya sanar da kenel. Kamar mai awon gero ne a babbar kasuwa: an jera masa buhuna baki buɗe, yana zubawa da sauri ba ya ɗaga kai. Idan awon ya fi buhu, ɗaya cikin uku ce: ko ya ƙi zubawa tun farko, ko ragowar ta shiga buhu na gaba, ko ta zube kan kayan wani. A kwamfuta, "kayan wani" memorin kenel ne, kuma zubewa a kansa na nufin na'ura ta mutu ko wani daga waje ya samu iko da ita.

Katinka ya zaɓi hanya ta farko. A katunan Intel irin naka akwai maɓalli ɗaya a rajistar karɓa da ake kira LPE. Idan a kashe yake, duk firem da ya wuce 1522 katin zai yar da shi, ya ƙara ɗaya a ƙidayarsa. Wannan ƙidayar ce kake gani da sunan `rx_long_length_errors`. Direban `e1000e` yana kunna LPE ne kawai idan ka ɗaga MTU sama da 1500. Saboda haka kenel bai ma taɓa ganin waɗannan firem ɗin ba, kuma shi ya sa ba za ka same su a `tcpdump` ba ko ka kwana kana kallo.

Sauran hanyoyin biyu duk sun taɓa jawo ɓarna, kuma a shekara ɗaya. A 2009 aka gano cewa direban Linux na katin Realtek 8169 yana gaya wa katin cewa zai iya karɓar firem har bayit 16383, alhali wuraren da ya ware masa na bayit 1536 ne idan MTU na kan 1500. Duk wanda ke kan waya ɗaya da kai, ya aiko firem babba guda, katin ya rubuta ya zarce, kenel ya faɗi. Ba a buƙatar kalmar sirri, ba a buƙatar wata manhaja ta kasance a buɗe. Gyaran ba wani dogo ba ne: a gaya wa katin gaskiyar girman wurin da aka ware.

Na biyun ya fi wayo, kuma shi nake so duk mai sha'awar rubuta direba ya haddace. Direban `e1000` yana barin katin ya baza babban firem a wurare biyu. Kowane wuri yana da alamar da ke cewa "nan ne ƙarshen firem" ko "akwai saura". Direban yana ganin na farko ba shi da alamar ƙarshe, sai ya yar da shi, daidai ne. Amma da ya zo kan na biyu, ya ga alamar ƙarshe, sai ya ɗauka sabon firem ne cikakke ya miƙa shi sama. To wa ya rubuta abin da ke cikin wutsiyar nan? Mai aikowa. Yana iya tsara ta yadda za ta yi kama da firem na gaske, da adireshin da ya ga dama, ta wuce katangar tsaron da ta duba kan babban firem ɗin kawai. An yi wa wannan rajista a jerin raunukan tsaro da lamba CVE-2009-4536. Gyaran da aka yi shi ne, da zarar direba ya fara zubar da firem, ya ci gaba da zubarwa har sai ya wuce wurin da ke da alamar ƙarshe. Firem ɗin da aka ƙi, gaba ɗayansa ake ƙi, kai da wutsiya.

Daga nan amsar "me ya sa ba a yanka shi ba" ta fito fili. Idan aka yanke firem a 1518 aka miƙa sama, kan IP ɗin da ke ciki, wato inda aka rubuta adireshi da tsawon fakiti, zai ce tsawona kaza ne, abin da ke hannu kuma bai kai ba. Linux zai ƙirga shi cikin fakitin da suka iso a guntule ya yar. An ɓata aiki a banza. Rarraba fakiti zuwa gutsattsari kuwa aikin mai aikowa ne ko rutar da ke kan hanya, kafin a ɗora shi kan waya. Mai karɓa ba shi da wannan damar, abin ya riga ya iso. Kuma ba zai iya aika wa mai aikowa saƙon "ka rage" ba, don Ethernet ba ta da irin wannan saƙo, shi kuma IP, mai irin saƙon, bai ga fakitin ba. Wannan shi ya sa matsalar girman firem a cikin rezo ɗaya take da cin rai: shiru take yi. Ƙidayar nan da ka gano ita kaɗai ce shaidarka, kuma ka yi kyau da ka duba ta.

Akwai sabani na gaske tsakanin masu rubuta tsarin aiki a kan inda ya kamata a ja layi. Tsofaffin sigogin FreeBSD, wani tsarin aiki na dangin BSD, suna auna kowane firem da MTU na katin, idan ya zarce su yar, su rubuta `discard oversize frame` a littafin rahoto, har da tsawonsa da iyakar da ya wuce. Linux bai sa irin wannan awo a matakin IP ba: ya bar wa direba da kati, abin da suka iya karɓa lafiya shi ma ya karɓa. A ganina hanyar Linux ta fi dacewa da ma'anar abin. MTU iyakar abin da kai za ka aika ne. Iyakar abin da za ka karɓa kuwa ita ce girman wurin da ka ware, ba ƙari ba ragi. Firem mai 1526 da ya zauna lafiya cikin wuri mai 2048 bai cuci kowa ba, zubar da shi hukunci ne kan laifin da ba a yi ba. PPP ma, tushen PPPoE, ya raba su biyu tun asali, yana da MRU daban, wato iyakar abin da zai karɓa. Amma abu ɗaya na hanyar BSD ina yaba shi ƙwarai: tana faɗa maka tsawon firem ɗin. Da katinka na faɗin haka, da rabin tambayarka ta amsa kanta. Sai dai irin wannan rahoto dole a taƙaita yawansa, in ba haka ba mai mugun nufi zai cika maka faifai da shi.

Yanzu yadda za ka kama mai aiko su. Ka fara duba a kan wane kati adadin ke hawa. Sannan da dare, lokacin da kwastomomi suka ragu, ka kashe GRO, mai haɗe ƙananan fakiti wuri ɗaya, a katin da `ethtool -K eth1 gro off` (ka sa sunan katin a wurin `eth1`), ka ɗaga MTU ɗinsa na ɗan lokaci don LPE ya kunnu, ka buga `tcpdump -e -n -i eth1 greater 1515`. Harafin `-e` shi zai nuna maka adireshin MAC, wato lambar kati, na mai aikowa da alamar VLAN in akwai. Minti kaɗan sun isa. Ka mayar da komai yadda yake bayan ka gama.

Idan a ɓangaren gida ne kuma tsawon ya kai dubbai, to akwai na'urar da wani ya kunna wa jumbo, wato manyan firem irin na 9000: akwatin ajiyar fayil, na'urar naɗar hotunan kyamara, ko kwamfutar wani da ya karanta cewa 9000 na ƙara gudu. Ka bi adireshin MAC a teburin suwic har ka gano ramin da take, ka mayar da ita 1500. Idan kuwa a ɓangaren mai ba ka layi ne kuma tsawon 1526 ne ko 1530 (har da bayit 4 na tantancewa da `tcpdump` ba ya ƙirgawa), to ƙarin kai ne: ko alamar VLAN biyu, ko PPPoE mai ɗauke da cikakken 1500 a kan VLAN, wato 14 da 4 da 8 da 1500 da 4. Wannan na biyun halal ne, kundin ƙa'idar intanet mai lamba RFC 4638 na 2006 ya tanadi haka, amma sai duka ɓangarorin sun yarda, kuma sai katin da ke ƙarƙashin PPPoE ya koma 1508. A nan ɗaga MTU shi ne magani, amma da bayit takwas, a kati ɗaya, bayan ka san dalili. Ka kira mai ba ka layi ka tambaye shi kai tsaye: alama nawa kuke mannawa, MRU nawa kuke bayarwa? Idan akwai rediyo ko suwic na MikroTik a tsakani, ka duba filin L2MTU ɗinsa, don shi ne ke nuna abin da na'urar za ta iya ɗauka a matakin waya, daban da MTU na IP.

Shi kuwa 9000, ga abin da zai jawo maka. IEEE ba ta taɓa mayar da jumbo ƙa'ida ba, yarjejeniya ce tsakanin na'urori, kuma tana aiki ne kawai idan duk wanda ke rezon ya yarda da ita, har suwic. Kwastomominka wayoyin hannu ne a kan wifi, 1500 suke. Wifi kansa, fakiti ɗaya da yake ɗauka ba ya wuce bayit 2304. TCP, tsarin aikawa da ke fara gaisawa kafin ya tura kaya, zai ɗan rufa maka asiri, domin kowane ɓangare yana faɗin iyakarsa tun wajen gaisuwa, amma ɗayan tsarin, UDP, ba ya gaisuwa. Rutarka za ta ɗauka hanya a buɗe take, ta saki fakiti mai dubu huɗu, na'urar gaba ta yar da shi shiru, irin shirun da muka yi magana a kai. Adadin da ke damunka zai daina hawa a wurinka ya koma hawa a na'urorin da ba ka iya dubawa. Intanet kuma daga ƙofarka zuwa ko'ina 1500 ce ko ƙasa. Jumbo na da wurinsa, tsakanin saba da ma'ajiyarta a ɗaki ɗaya, kan waya ta musamman. Rezon unguwa ba wurinsa ba ne.

Sai batun shafukan da ke tsayawa, wanda shi ne ke ci maka kwastomomi. Ina da yaƙinin wannan ba shi da alaƙa da ƙidayar kati. PPPoE ɗinka yana da MTU 1492. Wayar kwastoma ba ta san da haka ba, ita 1500 take gani, don haka wajen gaisuwar TCP sai ta ce wa saba: aiko mini gutsuren bayit 1460, wato 1500 a cire 20 na IP da 20 na TCP. Saba ta aiko fakiti mai 1500 da alamar "kada a rarraba". Ya iso bakin PPPoE a wurin mai ba ka layi, bai shiga ba. Abin da ƙa'ida ta ce, tun RFC 1191 na 1990, shi ne rutar ta yar da shi ta mayar da saƙon ICMP, wato saƙon sanar da matsala tsakanin na'urori, nau'i 3 lamba 4, mai cewa ga iyakar da zan iya. Saba ta rage, komai ya tafi. A IPv6 ma, sabuwar sigar IP, ya fi tsanani: ruta ba ta rarraba fakiti ko kaɗan, saƙon ICMPv6 nau'i 2 shi ne kaɗai hanya. Haka ma a ɗaya ɓangaren: idan kwastoma na tura fayil, rutarka ce ke karɓar 1500 daga gida ta tarar mafita 1492 ce, ita ce za ta mayar masa da saƙon.

Idan wannan saƙon ya ɓace a hanya, sai a samu daidai abin da ka kwatanta. Gaisuwa ƙarama ce, ta wuce. Saƙon rubutu ƙarami ne, ya wuce. Fakitin farko mai cika ya mutu, saba ta sake aikowa, ya sake mutuwa, shafi ya tsaya yana juyi. Kuma sau da yawa mu ne ke ɓatar da saƙon da hannunmu. Na sha ganin katangar tsaro da aka rubuta mata ta toshe ICMP baki ɗaya, wai don kada a yi wa na'ura ping. Ina roƙonka ka duba taka yau. In kana son hana ping, hana nau'i 8 kawai. Nau'i 3 dole ya wuce, shiga da fita. A IPv6, toshe ICMPv6 baki ɗaya yana kashe rezon ne ɗungurungum, don da shi na'urorin da ke rezo ɗaya ke gano juna.

Tunda ba ka da iko da katangar mutanen da ke can nesa, ka ƙara da gyara girman gutsure a rutarka: `iptables -t mangle -A FORWARD -p tcp --tcp-flags SYN,RST SYN -j TCPMSS --clamp-mss-to-pmtu`. Wannan layin yana kama gaisuwar TCP yayin wucewa ya mayar da 1460 zuwa 1452. Saba ba za ta ma aiko abin da ba zai shiga ba. Masu tsattsauran ra'ayi na cewa ruta ba ta da hurumin taɓa kan TCP, kuma a ƙa'ida suna da gaskiya, amma kusan kowace rutar gida a duniya tana yin haka, kuma ni ba na kafa layin PPPoE ba tare da shi ba. Ka sani dai TCP kaɗai yake taimaka wa. Masu tsara QUIC (sabon tsarin aikawa a kan UDP) da DNS (mai mayar da sunan shafi adireshi) sun bi wata hanya, ta ƙanƙantar da kai: QUIC yana farawa da fakiti mai 1200, masu DNS kuma a 2020 suka amince da 1232 a matsayin girman amsa ta UDP, wanda ke shiga ƙarƙashin 1280, mafi ƙarancin da IPv6 ya wajabta wa kowace hanya. Idan kana da saba taka a ciki, ka sa `net.ipv4.tcp_mtu_probing=1`; da haka idan TCP ya ga manyan fakiti na ɓacewa zai rage da kansa ba tare da jiran ICMP ba.

Don ka tabbatar da idonka, daga kwamfutar da ke bayan ruta ka buga `ping -M do -s 1472` zuwa wata saba a waje. A Windows `ping -f -l 1472` ne. 1472 da 8 na ICMP da 20 na IP shi ne 1500 cif. A layinka bai kamata ya wuce ba. Abin dubawa shi ne yadda ya kasa: idan an dawo maka da amsa mai cewa iyaka 1492 ce, tsarin na aiki. Idan shiru ka ji, akwai mai haɗiye ICMP. Sai ka sauko 1464, wanda ya kamata ya wuce. In bai wuce ba, akwai wani tanel, wato naɗe fakiti cikin wani fakiti, a hanya da ba a gaya maka ba, ka ci gaba da saukowa har ka gano iyakar. Cikin tanel-tanel, GRE na cin bayit 24, VXLAN na cin 50, WireGuard kuma yana saita kansa a 1420 don ya bar wa kansa 80.

Fakitin dubu ashirin da ka gani a `tcpdump` bai taɓa hawa waya ba. GRO ne, wanda ya shigo Linux a siga 2.6.29 a 2009. Idan gutsattsarin TCP na hira ɗaya suka iso a jere, kenel yana haɗe su wuri ɗaya, har kusan 64 KB, kafin ya hau da su sama, don ya yi aikin duba kai sau ɗaya maimakon sau goma sha biyar. `tcpdump` yana zaune ne bayan haɗewar. Idan za a tura su gaba, kenel yana tuna girman asali ya sake yanka su daidai yadda suka zo. Bar shi a kunne, yana rage wa tsohuwar kwamfuta nauyi sosai. Ɗan'uwansa LRO, wanda kati ke yi da kansa, shi ne bai dace da ruta ba don yana ɓatar da iyakokin asali, kuma Linux yana kashe shi da kansa idan aka kunna tura fakiti. A manyan cibiyoyi ma yanzu an wuce 64 KB ɗin da abin da ake kira BIG TCP, tun siga 5.19 a 2022, amma duk a cikin na'ura ne.

Akwai nau'i na huɗu da ba ka tambaya ba, amma tunda rutarka na fuskantar waje ya kamata ka san shi: fakitin da ke yin girma bayan an harhaɗa shi. Filin tsawo a kan IPv4 bit 16 ne, iyakarsa 65535. Amma kowane gutsure yana faɗin inda zai zauna da fili mai bit 13 da ake ninkawa sau 8, wato har 65528. Kowane gutsure shi kaɗai ƙarami ne, ya wuce kati lafiya. To idan na ƙarshe ya ce wurina 65528 ne kuma ina ɗauke da bayit 1000, jimla ta haura abin da filin tsawo zai iya riƙewa. A 1996 zuwa 1997 wannan dabarar, da aka fi sani da ping na mutuwa, ta kayar da tsarin aiki iri-iri da fakiti ɗaya, domin sun ware wurin 65535 sun amince ba wanda zai zarce. Kuskuren Realtek ne dai a wani mataki: an yarda da tsawon da baƙo ya faɗa. Yau Linux yana auna jimlar kafin ya gama harhaɗawa, in ta zarce ya yar ya rubuta `Oversized IP packet from` tare da adireshin mai aikowa. In ka ga wannan layin a `dmesg`, rahoton kenel, ba kuskuren saiti ba ne, wani ne ke gwada ka ko wata na'ura ta lalace.

Harhaɗawa tana da wani haɗarin, na cin memori da lokaci. Mai hari na iya aiko gutsattsarin da ba za su taɓa cika ba. Shi ya sa Linux ya sa musu iyaka: kimanin 4 MB gaba ɗaya a `ipfrag_high_thresh`, da daƙiƙa 30 na jira a `ipfrag_time`, bayan haka a zubar. A 2018 harin FragmentSmack ya nuna cewa ko a cikin wannan iyakar ana iya gajiyar da na'ura da ƙananan gutsattsari masu yawa, aka sake fasalin yadda kenel ke jera su, aka kuma daina haƙuri da gutsattsarin da ke hawa kan juna. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin rutar da ke yin NAT, wato raba adireshin waje ɗaya ga na'urori da yawa, tana harhaɗa gutsattsari kafin ta yanke musu hukunci, ko da ba ita aka aiko wa ba. Idan kenel ɗinka ya girmi 2018, sabunta shi ya fi duk wani saiti da zan ba ka muhimmanci.

Ga yadda zan bi da a ce ni ne a shagonka gobe da safe. Katangar tsaro da layin TCPMSS da farko, don minti biyar ne kuma kwastomomi za su ga bambanci nan take. Gwajin ping bayansa. Kamun firem da dare. In ka samu tsawon da adireshin MAC, aiko mini su tare da abin da `ip -d link show` ya nuna na katunan biyu da na `ppp0`, layin PPPoE ɗinka, sai mu ga ko bayit takwas ne ke buƙatar wuri ko wata na'ura ce za a sauko da ita 1500.